Kayan Sauti a Babban Falo: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Mai sayar da kayan sauti a Sabon Gari ko Alaba ba sai ya yaudare ka ba, shagonsa kaɗai ya isa. Ɗan ɗaki ne cike da kwalaye, kana tsaye taku biyu daga lasifika, ya murɗa ƙara, ka ji bes yana dukan ƙirjinka. Ka biya, ka kai gida, ka haɗa a falon da ya kai mita 9 a tsawo, ƙasa tayil, sama fi-o-fi, gefe gilasai. Sai ka ji wani abu daban. Kiɗa ya koma hayaniya, maganar mai karanta labarai tana hawa kan juna, bes ya taru a wani lungu ya ɓace a daidai inda kake zama. A nan ne yawancin mutane ke yanke hukunci cewa amfilifayar ce ta yi ƙanƙanta, su koma kasuwa neman mai wat da yawa. Alhali sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba. A babban ɗaki, nisan da ke tsakaninka da lasifika, da irin abin da bango da ƙasa ke yi wa sauti, da inda ka ajiye kayan, duk sun fi yawan wat tasiri.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, wanda za ka ga an taƙaita shi dB a jikin kaya. A fili inda babu bango, duk sa'ad da nisanka daga lasifika ya ninka, desibel 6 sun tafi. Daga mita 1 zuwa 2 an rasa 6, daga 2 zuwa 4 an sake rasa 6. A cikin ɗaki asarar ba ta kai haka ba, domin bango na dawo da wani ɓangare, sai dai abin da bango ya dawo da shi ba mai tsabta ba ne. Shi kuwa wat, rowa gare shi. In ka ninka shi, desibel 3 kacal za ka samu. Wanda ya sayar da amfilifaya mai wat 50 ya sayi mai wat 100, abin da ya ƙaru da shi ke nan, kuma kunne ɗan ƙari kaɗan zai ji. Kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ninka, sai an samu ƙarin desibel wajen 10, wato wat ninki goma.

Shi ya sa lambar da ta fi amfani ga mai babban falo ba a jikin amfilifaya take ba, tana takardar lasifika, kuma ba kasafai mai saye ke tambayarta ba. Ita ce ke nuna desibel nawa lasifikar ke fitarwa idan an ba ta wat 1 aka auna daga mita 1. Ƙananan da ake ɗorawa a kan kanta sukan tsaya tsakanin 84 da 87. Dogaye masu tsayawa a ƙasa sukan kai 88 zuwa 92. Masu bakin ƙaho, irin na taro, suna haura 95. A ce kujerarka tana mita 4 daga lasifika, kana so wuraren da suka fi ƙarfi a kiɗa ko fim su kai desibel 95 ba tare da sautin ya dagule ba. Lasifika mai 86, bayan nisa ya ci 12, saura 74 a kunnenka, kafin ta kai 95 sai an ba ta wat kusan 128. Mai 92 kuwa wat 32 ya ishe ta. Aiki ɗaya ne, amma ɗaya ta ci ninki huɗu. A zahiri lasifikoki biyu ne ke aiki, ɗakin ma yana ɗan taimakawa, saboda haka buƙatar ba za ta kai haka ba, amma ratar da ke tsakaninsu tana nan daram.

Injiniyoyi suna da wata ƙa'ida da suke jingina wa Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka kafa kamfanin KLH a Amurka a 1957. Ƙa'idar ita ce ƙanƙantar akwati, da zurfin bes, da rashin cin wuta, biyu kawai lasifika za ta iya haɗawa, ta ukun sai a haƙura. Wannan ya isa ya nuna dalilin da ya sa saitin nan mai 'yan lasifikoki biyar kamar gwangwani da wufa ɗaya, wato lasifikar bes, ba zai taɓa cika babban falo ba, komai kyansa a ido. An yi shi ne don ɗakin kwana. Haka ma doguwar lasifikar nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin talabijin, wadda da yawa daga cikin irinta sun dogara ne ga bangon gefe ya dawo da sauti, falon da ya buɗe zuwa wajen cin abinci da matakala kuwa ba shi da wannan bangon. A ganina, mai falon da ya wuce murabba'in mita 50 ya fi dacewa ya sa kuɗinsa a dogayen lasifikoki biyu nagari, ko da sauran sai baɗi. Lasifikar taro mai inci 12 wadda amfilifayarta ke cikinta ita ma ba abin rainawa ba ce, tana da ƙarfi kuma tana jure aiki, amma ka saurare ta a shiru kafin ka biya, domin wasunsu suna da huci da ake ji daga kusa ko babu abin da ke kunne.

Batun wat ɗin kansa akwai coge a ciki. Kwalin da aka rubuta masa wat 5000 da manyan haruffa, in ka duba za ka ga PMPO a gefe, kuma wannan lamba ba ta da ma'aunin da kowa ya amince da shi, kowane kamfani na ƙirƙirar nasa. Abin dubawa shi ne wat ɗin da amfilifaya ke iya bayarwa a ɗore, wanda ake rubuta wa RMS. Irin wannan kurari ne ya sa hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a 1974 kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya. Akwai gwaji mai sauƙi. Juya na'urar ka karanta tambarin da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga, inda aka rubuta wutar da take ja. Na'urar da ke jan wat 60 daga bango ba ta da inda za ta samo 5000 ta ba lasifika. Manyan kamfanoni ma suna da tasu dabarar, musamman a amfilifayar fim mai layi biyar ko bakwai. Sai su auna layi ɗaya shi kaɗai, a sauti guda, har ya fara dagulewa, su rubuta lambar a kwali. Nemi wurin da aka ce layi biyu suna aiki tare, a om 8, daga haz 20 zuwa 20,000. Wannan ce lambar gaskiya, kuma kullum ta fi ta kwali ƙanƙanta.

Mutane da yawa suna tsoron babbar amfilifaya za ta ƙona musu lasifika. Tana iya yi in an yi ganganci, amma ƙarama da aka matsa wa ta fi yawan yin ɓarnar. Idan aka tura amfilifaya ta wuce iyakarta, sai ta riƙa datse kan sautin, ta haifar da wani kaifi mai zafi da ke zuba kai tsaye cikin twita, wato ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, wadda wayarta ba ta fi gashi kauri da yawa ba. Alamar ita ce sauti ya yi kaushi, ya fara sukar kunne. Da ka ji haka, rage. Kar kuma ka ɗauka cewa maɓallin ƙara yana rabi ke nan wat ma yana rabi, wasu na'urorin sun ƙure tun kafin maɓallin ya kai tsakiya. Maɓallin bes ya fi kowanne haɗari, domin ƙarin desibel 6 a kansa yana neman wat ninki huɗu a wannan ɓangaren.

Sai om, wanda alamarsa Ω ce a bayan lasifika, yawanci 4 ko 6 ko 8. Ƙarancin lambar yana nufin lasifikar ta fi jan wuta, amfilifaya ta fi ɗaukar zafi. Inda mai babban falo ke faɗawa shi ne ya ga wuri da faɗi, sai ya cusa wayoyin lasifikoki biyu ko uku a rami ɗaya. Masu om 8 guda biyu da aka haɗa haka sun koma 4, masu om 4 guda biyu sun koma 2, kuma amfilifayar gida kaɗan ce ke jure 2. Ko ta riƙa kashe kanta, ko ta kai ka wajen mai gyara.

To amma duk wannan lissafi ba zai yi amfani ba idan ɗakin yana ɓata abin da kayan suka fitar. Mutumin da ya fara auna wannan da gaske shi ne Wallace Sabine, matashin malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard. A 1895 aka ɗora masa gyaran wani zauren lacca a gidan tarihi na Fogg, inda kalma ɗaya kan yi sama da daƙiƙa 5 tana yawo kafin ta mutu, ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗa. Da dare, bayan gari ya yi shiru, shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga zauren Sanders da ke kusa, su jera, ya busa bututun molon coci, ya auna da agogo tsawon lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya ɓace. Daga nan ya fitar da lissafin da har yau ake aiki da shi, aka kuma yi amfani da shi wajen gina zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Lissafin yana cewa tsawon amsa-kuwwa yana ƙaruwa da girman ɗaki, yana raguwa da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa. A lamba, ka ninka girman ɗakin da 0.161, ka raba da faɗin abin da ke shanyewa, wanda ake ƙiyastawa da buɗaɗɗiyar taga, tunda sautin da ya fita ta taga ba ya dawowa.

Mu ɗauki falo mai tsawon mita 9, faɗin 6, tsayin 3. Girmansa 162 ke nan. Domin magana ta fito tas, ana son amsa-kuwwa ta mutu cikin rabin daƙiƙa ko kusa da haka, wato ana buƙatar abin shanye sauti daidai da taga mai murabba'in mita 52. Tayil kuwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari yake shanyewa. Duk daɓen falon nan, murabba'in mita 54, bai fi taga mai murabba'in mita 1 ba. Bangon siminti mai fenti da gilashi su ma kusan haka suke. Ka ga ke nan falon zamani da aka ƙawata da tayil mai ƙyalli, da kujerun fata, da siraran labule, an gina shi ne kamar da gangan don ya ɓata sauti. Tsohon falo mai kafet bango zuwa bango, da tum-tum, da labule masu nauyi, ya fi shi daɗin saurare nesa ba kusa ba. Jikin mutum ma yana shanye sauti, shi ya sa ranar Sallah da falo ya cika da baƙi kake jin talabijin ya fi fita.

Tsaya a tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji sautin ya ja wutsiya, ko ya yi wata karkarwa mai sauri tsakanin bango biyu da ke fuskantar juna, aikin yana gabanka. Kafet mai kauri, a shimfiɗe tsakanin lasifika da kujera, shi ne na farko, zai fi kyau in da soso a ƙarƙashinsa. Sai labule mai nauyi mai tattara, wanda faɗinsa ya ninka na tagar, a bar ɗan rata tsakaninsa da bango. Kujerun yadi sun fi na fata. Kantar littattafai tana warwatsa sauti, wanda shi ma alheri ne. Wanda ke son ya wuce nan, kafinta zai iya haɗa masa firam na katako mai kaurin santimita 5 zuwa 10, a cika da audugar gilashi irin ta rufin gini, a lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa in ka hura, a rataye kamar hoto. Wajen gano inda za a rataye, zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe daidai tsayin kunnenka. Duk inda ka hango lasifika a madubin, nan ne sauti ke fara karo ya dawo gare ka. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa ba ya yin abin kirki, soson katifa kuma siririn sauti kawai yake ragewa, ga shi yana kama wuta da sauri da hayaƙi mai guba. Ban ba da shawarar ko ɗaya ba.

Wajen ajiye lasifika, asalin tsarin sauti mai hagu da dama ya samo tushe ne daga aikin Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, wanda ya yi rajistarsa a 1931. Tsarin yana aiki sosai idan kai da lasifikokin biyu kun zama kusurwa uku masu tazara kusan ɗaya. In kana mita 3 da rabi daga kowacce, su ma a ba su tazarar mita 3 zuwa 3 da rabi, a ɗan karkato da su su fuskance ka. Twita ta kasance daidai kunnen wanda ke zaune, wajen mita 1 daga ƙasa, domin siririn sauti a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa. Rataye lasifika can kusa da silin a kusurwoyi huɗu, yadda masu haɗa waya da yawa suka saba don ya yi kyan gani, yana tura sautin sama da kanka zuwa bangon da ke gaba. A janye su daga bangon baya da rabin mita ko fiye, musamman masu rami a baya, in ba haka ba bes zai kumbura ya danne murya.

Al'adarmu ita ce a jera kujeru a jikin bango a bar tsakiya fili, kuma wannan yana jefa mai saurare a wuri mafi nisa, inda abin da ke isa kunnensa yawancinsa amsa-kuwwa ce. Wanda ya matso daga mita 5 zuwa mita 3 ya samu ƙarin desibel fiye da 4 na sautin da ke zuwa kai tsaye, daidai da ya ninka wat ɗinsa kusan sau uku, bai kashe ko kwabo ba. Babban falo ba dole ne a cika shi duka da sauti ba. A ware ɓangare ɗaya na kallo da saurare, a bar sauran na hira.

Ƙara lasifikoki a kowane lungu suna fitar da abu ɗaya ba ya warware komai. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, ya ɗan fi haka in ana zafi. Lasifikar da ta fi wata nisa da mita 6 sautinta zai iso a makare da kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa, kuma haɗuwar na farko da na makare ne ke sa magana ta yi duhu. Helmut Haas, a binciken da ya yi a Jamus a ƙarshen shekarun 1940, ya nuna cewa kunne yana bin sautin da ya fara isowa ne wajen gane inda ya fito. Shi ya sa wanda ke zaune a gefe yake jin kamar lasifikar da ke kusa da shi ce kaɗai ke aiki. Maganin wannan, ga gidan da ake kallon fim ko ƙwallo ko sauraren tafsiri da jama'a, shi ne lasifikar tsakiya, wadda ke ɗauke da murya, a daidai ƙasa ko saman talabijin. Kar a yi mata rowa, ita ce ta fi kowacce aiki. Na baya kuwa a gefe suke zama, a ɗan bayan kujera, sama da kunne kaɗan. Masu sha'awar Dolby Atmos, tsarin da ya fito a 2012, su sani cewa lasifikokin da ke harba sauti sama ya dawo suna buƙatar silin shimfiɗaɗɗe, fi-o-fi mai hawa-hawa da zane yana tarwatsa shi.

Bes shi ne mai taurin kai. Ana ƙirga karkarwar sauti da haz, Hz a jikin kaya, kuma igiyar sauti mai haz 40 tsawonta ya kai mita 8 da rabi, kusan tsawon falon. Irin wannan igiya tana kai-komo tsakanin bango da bango kamar ruwa a daro in an girgiza shi, ya tashi a baki da baki, tsakiya kuwa ya tsaya cik. Kowane ɗaki yana da sautukan da yake kumburawa. Raba 343 da ninkin tsawon, za ka samu na farko, sauran ninkinsa ne. A falonmu mai 9 da 6 da 3, tsawo yana ba da 19, 38, 57, faɗi yana ba da 28 da rabi da 57, tsayi ma 57. Duka ukun sun haɗu a wuri guda, saboda haka akwai sauti ɗaya da zai riƙa ruri a ɗakin, ya girgiza gilashin taga da kwanukan da ke cikin sho-gilas. Mai shirin gini ya guji awon da ɗaya ke ninka ɗaya. Wanda ya riga ya gina, kar ya zauna a tsakiyar ɗaki cif, inda bes ke ɓacewa, kar kuma ya manne da bangon baya, inda yake taruwa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin wuri ne mai kyau na fara gwaji.

Da yake kunne ba ya gane inda sautin da ke ƙasa da haz 80 ya fito, ana iya ajiye wufa a inda ta fi aiki, ba lallai kusa da talabijin ba. Kamfanin THX ne ya yayata 80 ɗin nan a matsayin mararraba tsakanin wufa da sauran lasifikoki. Hanyar gano wurin tana da ban dariya amma tana aiki. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, kunna waƙa mai bes da ka sani sosai, ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji bes ɗin ya fito sumul, kowane bugu a rarrabe, ba inda ya fi ƙarfi ba, nan za ka mayar da ita. Kusurwa tana ƙara ƙarfi, har Paul Klipsch ya ƙera lasifikarsa ta Klipschorn a 1946 musamman don a jingina ta a kusurwa, amma wufar da ba a yi ta don haka ba tana iya yin ruri a can. Todd Welti na kamfanin Harman ya nuna a 2002 cewa wufa biyu a tsakiyar bango biyu masu fuskantar juna, ko huɗu, suna daidaita bes a kujeru da yawa fiye da ɗaya. Ga babban falo, matsakaita biyu sun fi ƙatuwa ɗaya. A cikin saitin amfilifayar fim, zaɓi Small ga lasifikokin ko da dogaye ne, domin nauyin bes ya koma kan wufa, amfilifaya ta samu sararin yin sauran aikin. Akwai kuma maɓalli mai 0 da 180 a bayan wufa, gwada duka biyun daga kujerarka ka bar shi inda bes ya fi cika.

Amfilifayoyin fim na yanzu suna zuwa da ɗan makirufo na auna ɗaki, Denon da Marantz suna da Audyssey, Yamaha tana da YPAO, wasu kuma Dirac Live. Yi amfani da shi, amma bayan ka gama jera kaya da shimfiɗa kafet. Sa makirufon daidai inda kunnenka ke kasancewa, ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka kuma zaɓi lokacin da janareta ba ya ruri. Amfilifayar tana iya rage sautin da ya kumbura, amma ba ta iya cike ramin da ɗaki ya haƙa, in ta ƙara wuta a wurin ɗakin zai sake haɗiye ta. Ramin sai dai a matsar da kujera ko wufa.

Waya ba ta buƙatar tsada, kauri take buƙata. Lasifikar da ke mita 10 daga amfilifaya, wuta na yin tafiyar mita 20 zuwa da dawowa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 tana ƙara kusan om 0.23 a wannan tafiya, wanda ba komai ga lasifika mai om 8, amma ya fara yawa ga mai om 4, ita sai mai 2.5. Abin lura shi ne kasuwa cike take da wayar alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ita ce, kuma sai ta fi ta ainihi kauri kafin ta yi aikinta. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a kowace lasifika. In an juya ɗaya, ba abin da zai ƙone, amma yayin da ɗaya ke tura iska ɗayar tana ja, bes ya zube, murya ta rasa mazauni. In wayar ba ta da alama, taɓa bakinta da batir ɗin rimot mai bolt 1.5 na ɗan lokaci. Idan faifan lasifikar ya turo waje, wayar da ke kan kan batirin ita ce ja.

Wutar lantarki ita ce ta fi kashe kaya a wajenmu. Najeriya da Nijar da Gana suna kan bolt 220 zuwa 240, Amurka da Kanada kuwa 120, saboda haka amfilifayar gwanjo da ta fito daga can sai an karanta bayanta kafin a soka ta a bango. Sitabilaiza ta zama dole, kuma ƙarfinta ya zarce jimillar abin da kayan ke ja. Inbata mai araha wadda wutarta ba ta da laushi takan sa taransifomar amfilifaya ta riƙa gunji tana zafi. Gunjin da ke fita ta lasifika kuwa, sau da yawa daga wayar tauraron ɗan'adam yake shigowa ta dikoda. Cire wayar ka saurara, in ya ɗauke ka gano shi, kuma haɗa dukkan kayan a soket ɗaya yakan rage shi. Da damina, in hadari ya taso, a zare filogi da wayar dish gaba ɗaya. Wajen kunnawa amfilifaya ce ƙarshe, wajen kashewa ita ce farko, a kuma kashe ta kafin a sauya layi daga wutar gari zuwa janareta. Kar a kulle ta a kabad, a bar mata aƙalla santimita 10 a sama, a riƙa hure ƙurar hunturu daga ramukanta. Nau'in da ake rubuta wa Class D yana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya ja zuwa aiki, don haka ya fi dacewa da zafin Afrilu da gidan da ke kan sola.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, ga yara kuma 75, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Desibel 95 da aka ambata a sama na bugu ne na ɗan lokaci, ba na zama a kai ba. Akwai manhajojin waya da ke auna ƙara, ba su kai na'urar ƙwararru ba amma sun isa su nuna maka inda kake. Maƙwabta kuma bes ne ke isa gare su, domin shi ne ke ratsa bango, kuma kafet da labule ba sa tare shi, nauyin gini da toshe ramukan ƙofa da taga ne kaɗai ke rage shi. In dare ya yi, a rage wufa ita kaɗai da desibel 6 zuwa 10, a ɗaga lasifikar tsakiya da 2 ko 3. Murya za ta fito sarai a falo, na bayan katanga kuma ya samu barci.